Gwaggon Washinton da Tiren Wake

'Yan uwa, yau sai kun yi haƙuri da ni, don ina rubutun nan dariya ta ƙi sakina. Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu: sunana Rakiya, Raki ake ce mini, shekarata ashirin da tara, ina digiri na uku a fannin tattalin arziki a nan Manchester. A Hulme nake zaune, a wani ɗan flat mai ɗaki biyu, ni da ƙawata Delight 'yar Kafanchan, wadda take aikin nas. Ina da wani sirri da daga ni sai ita muka sani, har zuwa Asabar ɗin da ta wuce.

Kun san Gwaggon Washinton? Tsohuwar nan ta soshiyal midiya da ba a taɓa ganin fuskarta ba, sai murya, sai hannun jikarta tana tsintar wake a tire, ita kuma tana ta zazzaga wa Amurka faɗa? To ni ce. Ni ce tsohuwar, ni ce jikar. Kwalayen madara nake jerawa in ɗora waya, in zuba wake a tire, in maƙe murya.

Muryar ma aro na yi, Allah ya yafe mini. Ta Gwaggo Zainabu ce, ƙanwar Babana da ke Birmingham, wadda ita ce uwata ita ce ubana a ƙasar nan. Shekara biyu ke nan ina yi. Ranar da aka fara maganar harajin kayan waje, ga abin da Gwaggon Washinton ta ce:

"Yo in ban da abin Amurka! Mai gida ya tsaya a ƙofar zaure ya ce duk mai tallan da zai shigo sai ya biya. Mai talla ya ce to, ya ɗora kuɗin a kan ƙosai. Wa ya sayi ƙosan? Matan gidan. Shi kuwa mai gida yana can yana zaga unguwa wai ya yi maganin masu talla. Ke, tsince da kyau, ga tsakuwa nan kin wuce ta."

Da ta zo kan na'urorin nan masu rubutu da kansu, cewa ta yi an sallami mai rubuta wasiƙa, sannan an sa na'urar ta rubuta masa wasiƙar ban haƙuri. Bikin nan kuwa na New York da taurari suke gasar sa tufafi, rantsuwa ta yi wata labulen falo ta ɗauko har da ƙarfensa ta yafa. Mutum dubu ɗari biyu da ɗoriya suke bin ta yanzu. A cikinsu har da Gwaggo Zainabu, wadda kullum ita ce ta farko da take tura bidiyon a group ɗin danginmu, ta rubuta a ƙasa: "Ku saurari mai hankali."

To ga inda matsalar take.

Mama a Kano ta ɗaga mini hankali a kan aure. Duk kiran da za ta yi, ko da maganar ɗinkin salla ce, ƙarshenta ɗaya ne: "Digiri uku, Rakiya, amma ko sallama ba a taɓa yi da ke ba." Sai ta damƙa maganar a hannun Gwaggo Zainabu. Mutum huɗu Gwaggo ta kawo, huɗun na ture. Na biyar shi ne Dakta Sha'aban, ɗan Haɗeja, yana binciken batirin motoci masu lantarki a Birmingham. Na karɓi lambarsa da niyyar in sallame shi cikin kwana biyu.

Sati uku ke nan, kuma ni ce yanzu nake duba waya a cikin bas ɗin Oxford Road har in wuce tashata.

Mutumin nan ba ya tura saƙo sai ya yi cikakkiyar gaisuwa, ya gajiya, ya karatu, ya sanyi, ko da rana ake ƙwallawa. Ya turo mini hoton dafa-dukar da ya ƙona ya ce in yi masa sharhi a matsayina na masaniyar asara. In na yi masa gardama ba ya fushi, cewa yake, "Bari in je in karanta in dawo." Kuma sai ya dawo. Ku gaya mini, wace ce ba za ta faɗa ba?

Ranar Laraba ya rubuto: "Malama Rakiya, ban iya kwana-kwana ba. Na samu gurbin bincike na shekara biyu a Ohio, Talata mai zuwa zan je intabiyun biza a Landan. In Allah ya nufa, ba na so in zauna can ni kaɗai."

Na cusa fuskata a filo na yi ihu. Na tashi na taka rawa daga ɗaki har kicin, Delight tana riƙe da cokali tana kallona. Na miƙa mata wayar. Ta karanta, ta rungume ni, muka yi tsalle har na ƙasanmu ya buga silin. Sai kuma ta sake ni.

"Babe, Ohio fa a Amurka take."

"Na sani mana."

"Fom ɗin fa?"

Rawar ta tsaya. Ni da bakina na yi wa jama'a bayanin fom ɗin nan. Mai neman bizar Amurka sai ya rubuta duk sunan da ya yi amfani da shi a soshiyal midiya cikin shekara biyar. A watan Yuni kuma suka ce masu neman bizar karatu da bincike su buɗe shafukansu a duba. Ko na goge Gwaggon Washinton yau, sai na rubuta ta. In na ɓoye, na yi ƙarya a takardar hukuma. In na rubuta, wani ma'aikaci zai zauna ya kalli shekara biyu ina tsokanar ƙasarsu, ya yanke hukuncin ko zan bi mijina. Shi kuwa bawan Allah bai san wadda yake nema ba.

"Ki faɗa masa," in ji Delight.

"Zan faɗa. Bayan Asabar."

Don ranar Asabar Gwaggo ta sa za mu fara ganin juna ido da ido a gidanta.

Juma'a da safe na tafi unguwar Whalley Range wajen Widad, wata 'yar Sudan mai lalle. Ta zana mini baƙi da ja, furanni daga wuyan hannu har kan yatsu. Ina cikin bas hancina ya yi ƙaiƙayi, na manta na sosa, furen da ke kan yatsana na hagu ya goge ya koma kamar kan kaza. Da na iso gida kuma abin ya ci gaba da cin raina, maganar fom ɗin nan. Ni kuwa in abu ya dame ni, Gwaggon Washinton nake ba wa ta faɗa. Delight tana wajen aiki, babu mai ce mini ke duba hannunki. Na jera kwalaye, na zuba wake, na yi bidiyo na tura. Ko a raina ban kawo komai ba.

Asabar na hau jirgin ƙasa daga tashar Piccadilly ta Manchester zuwa New Street ta Birmingham. Doguwar riga ta atamfa shuɗiya mai ɗigon zinari na sa, da mayafi ruwan madara, da takalmi mai tsini wanda tun a Stockport na fara nadamarsa. Gidan Gwaggo a Small Heath tun daga ƙofa turaren wuta yake maka sallama. An shimfiɗa sabon kafet, an goge furannin roba, kujerun nan da ba a bari kowa ya zauna an cire musu leda. Talabijin ɗinta kuwa ya cinye rabin bango.

Ta juya ni gaba da baya. "To, ba laifi, lallen ma ya yi kyau. Jan bakin ne ya yi yawa, rage. Zauna nan." Sai ta shiga kicin ta fito da tire ta dire mini a cinya.

Wake ne, jama'a.

"Gwaggo, wannan fa?"

"Tsinta za ki yi. Yaro ya shigo ya same ki da aiki a hannu, ba waya ba. Haka aka yi mini, haka aka yi wa uwarki."

"Waken nan na kanti ne, a gyare yake zuwa."

"Na sani. Shi ya sa na ɗebo 'yan tsakuwa a lambu na zuba."

Na kusa shiɗewa, don ni ma daga tukunyar furannin Delight nake ɗibar nawa tsakuwar. Kafin in samu dabarar ajiye tiren, aka danna ƙararrawa.

Wayyo, hoto bai yi masa adalci ba. Dogo ne, baƙi, da tabarau, da ɗan wushirya. Kaftani ruwan toka ya sa da hula zanna, ya ɗora jaket a kai saboda yayyafi. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Gwaggo, sannan ya juyo.

"Malama Rakiya, ina wuni. Ya hanya?"

Na ce lafiya lau. Na sunkuyar da kai na kama tsintar wake bil haƙƙi, don aƙalla wannan na iya.

Aka kawo zoɓo da dambun nama. Gwaggo ta tambaye shi iyayensa, unguwarsu, masallacin da yake Juma'a. Da aka zo kan Ohio sai ta tafa hannu.

"Af, ka tuna mini. Ɗana, ka san Gwaggon Washinton? Jiya ta saki sabo, a kan ku masu neman biza. Bari ka ji."

"Gwaggo, abinci zai huce," na ce.

"Yana kan wuta."

Ta danna waya, bidiyon ya hau bango. Ga tire. Ga wake. Ga hannuwana kowanne ya kai girman faranti, da lallen Widad, da kan kazar nan a yatsan hagu yana kallon kowa. Muryar ta cika falon:

"Wai yanzu in za ka je gidansu sai ka buɗe musu wayarka su ga me ka ce a kansu. Ikon Allah. Su ne fa suka ƙera wayar, suka ce kowa ya faɗi ra'ayinsa, wannan shi ne 'yanci. Muka faɗa. Yanzu kuma an ce zo nan, me ka ce? Ke, ɗaga hannunki, kin tsaya sauraron manya."

Gwaggo tana dariya har da riƙe ciki. Tabaraunta yana can saman bene, shi ya cece ni. Shi kuwa Dakta nasa yana kan hancinsa. Na ga idonsa ya tashi daga bango ya sauka a cinyata. Ya koma bango. Ya dawo. A daidai lokacin na cikin talabijin ta ɗalle tsakuwa da ƙaramin yatsa, ni ma, don tsabar sabo, na ɗalle tawa.

Zoɓo ya sarƙe shi. Ya yi ta tari har Gwaggo ta miƙa masa ruwa.

"Sannu ɗana. Ai haka take sa mutum. Matar nan akwai basira, muryar ce dai Allah bai ba ta ba, kamar agwagwa ta sha sanyi."

Na tura hannuwana ƙarƙashin tire. Har aka ci tuwon shinkafa da miyar taushe, aka yi La'asar, bai tayar da maganar ba, ni kuma ban yarda mun haɗa ido ba. Da zan tafi Gwaggo ta ce ya taka mini zuwa tashar bas a Coventry Road, amma ban da tsayawa shan shayi.

Muka yi tafiyar minti biyu, takalmina yana ƙwas-ƙwas. Sai ya ɗan rusuna yana tafe.

"Ina wuni, Gwaggo. Ya jikoki?"

Na rufe fuska da mayafi. "Dakta, don girman Allah."

Ya yi dariya har sai da ya dafa ƙarfen fitila. Ni ma ta ƙwace mini. Muna tsaye gaban shagon sayar da abaya muna ƙyaƙyatawa, mutane suna ratse mu. Ya ce tun bidiyon ƙosai yake bin ta, har abokan aikinsa Turawa ya fassara wa. Zuciyata ta yi fari tas. Sai na ga dariyar ta bar fuskarsa a hankali.

"Amma zan faɗa miki abin kunya. A watan Yuni na daina bin shafin. Na bi duk inda na taɓa yin sharhi na goge. Tsoro na ji."

"Ba kai kaɗai ba ne. Na ga an ragu."

"Shekara shida ina neman gurbin nan, Rakiya." Karon farko ke nan da ya kira sunana babu Malama. "In an yi auren, ke ma fom ɗin za ki cike. Ba za ki iya... ajiye ta ba? Ko na ɗan lokaci?"

Na so in ce to. Wallahi na so, don kallon da yake mini kaɗai ya isa. Amma bakina ya riga ni.

"Ko na ajiye ta sai na rubuta ta, shekara biyar suke tambaya. Ƙarya kuma ba zan yi ba. Sannan ba na son ajiye ta. Akwai wata mai sayar da atamfa a kasuwar Kwari ta Kano da ta turo mini murya ta ce sai a bakin Gwaggon Washinton ta gane abin da ya haɗa kasuwarta da zaɓen wata ƙasa. Duk takardun da na rubuta a jami'a babu wadda ta yi wannan aikin. Wataƙila su duba su yi dariya su ba ni, wataƙila su hana. Ban sani ba. Ina sonka, wannan ma ba zan ɓoye ba tunda yau ranar tonon asiri ce. Amma da ita za ka ɗauke ni."

Ni Rakiya, a tashar bas, na ce wa namiji ina sonsa ranar da na fara ganinsa. Da Mama ta ji da sai an kai ta asibiti.

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Bas ta zo, ƙofa ta buɗe.

"Allah ya kiyaye hanya," ya ce.

Shi ke nan abin da ya ce.

A jirgi na samu kujerar taga na cire takalman. Kafin Wolverhampton na jiƙa mayafina da hawaye. Na rubuta wa Delight: "Ya gane. Na faɗa masa komai. Ya ce Allah ya kiyaye hanya." Ta amso: "Kai. Taho gida, zan soya doya da ƙwai. Ba ki yi laifi ba." Wata tsohuwar Baturiya da ke gefena ta miƙo mini tishu.

Mun wuce Stafford wayata ta fara zuba kamar an ɓalle famfo. Sanarwa ce daga shafin Gwaggon Washinton, ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe. A ƙarƙashin bidiyon jiya wani sabon mabiyi ya yi sharhi, da hotonsa, da cikakken sunansa, Dakta Sha'aban Bara'u Haɗeja, shafinsa a buɗe kowa yana gani:

"Gwaggo, barka da yamma. Na taɓa guduwa daga shafin nan don tsoro, yau na dawo. Gaskiya kika faɗa. Kuma ina neman izini in turo magabatana a kan jikarki mai tsintar wake."

Mutum ɗari huɗu sun riga sun danna masa alamar so. Wani ya rubuta, "Gwaggo a ba shi." Wata ta ce, "Sai mun ga sadaki." Nan take na kira shi.

"Dakta, ka san me ka yi? Talata fa. Za su buɗe shafinka."

"Na sani. Kada ki ɗauka jarumi ne ni, har yanzu tsoro nake ji."

"To goge mana."

"A'a. Na tsaya a tashar nan bas uku suka wuce ni ina tunani. In sun ba ni, su ba ni da saninsu. In sun hana, a Birmingham ma ana yin batir."

Na yi wata irin dariya haɗe da kuka har Baturiyar ta sake miƙo tishu. Ban samu na ba shi amsa ba kiran Gwaggo Zainabu ya shigo. Na ce masa ina zuwa.

Ko sallama ba ta yi ba. "Rakiya, kin ga abin da yaron nan ya yi? Tuwona bai gama narkewa a cikinsa ba, ya fita ya je yana neman jikar wata a bainar jama'a. Ni zai wulaƙanta? Na fasa. Yanzun nan zan kira uwarki in ce a manta da shi."

"Gwaggo, kada ki kira. Ki sa tabaraunki ki buɗe bidiyon, ki kalli hannun yarinyar."

Na ji takunta a kan bene. Na ji an ja durowa. Sai muryar agwagwa ta tashi daga can nesa, ta yi 'yan daƙiƙu, aka kashe.

"Wannan lallen da na yaba ɗazu ne."

"Shi ne, Gwaggo."

"Tsohuwar fa?"

"Ni ce."



"Shi kuma ya san ke ce? Ya sani, ga Talata a gabansa, ya rubuta sunansa har da na ubansa?"

"Ya sani."

"Kina ina yanzu?"

"Mun kusa Stoke."

"Sauka ki hau mai dawowa. Ni da ke akwai zama, kuma ba mai daɗi ba. Amma wannan yaron ba za a bar shi ya shiga gaban Turawan nan bai san matsayinsa ba. Zan kira Babanki kina zaune, ki faɗa masa ko ke wace ce da bakinki, sannan ni in faɗa masa wanda za a ba."

Jirgi ya fara rage gudu. Na tura wa Delight cewa ta cinye doyar. Na rataya jaka, na kwashi takalmana a hannu, na sauka a Stoke da safa kawai, ina tambayar wani mai rigar aiki inda ake hawa na Birmingham.